Ranar Da Kyaftin Ya Tuƙa Komin Kakansa

A Fagge ba mu da teku, ba mu da kogin da za mu nuna wa baƙo ba tare da ya toshe hanci ba, amma muna da Kyaftin. Sunansa na yanka Hamzat, atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma har ya kai shekara arba'in ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na randar gidansu, ran da ya faɗa ciki yana ƙarami. Kyaftin ɗin shi ya raɗa wa kansa, kuma sai da ya yi shekara uku yana fama kafin sunan ya bi shi. Duk wanda ya kira shi Hamzat sai ya yi kamar bai ji ba, ko da ciniki mutum ya zo yi.

Asalin abin daga Kalaba ne. Amininsa Okechukwu, mai shagon kayan mota a Sabon Gari, shi ya ja shi rakiya can wata shekara. Suka sauka a gidan wani dattijo, Baba Sylvester, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ruwa. Dattijon ya zaga da su gari kaf. Ya nuna musu tsohuwar tashar jirage, da gidan tarihi a kan tudu, da gidajen katako na zamanin Turawa, kowanne da shekararsa da sunan wanda ya gina. Hamzat yana biye yana gyaɗa kai, kishin gari yana cin sa. Daga ƙarshe aka saka shi a jirgi aka ɗan zagaya kogi na minti goma, ya dawo da duk abin da ya ci tun safe.

Da aka sauke shi ya kurkure baki, sai ya ce ai ƙanƙantar kogin ce ta sa shi jiri, shi ya saba da babban ruwa. Ya ce a Fagge suna da tashar jirage da ta girmi wannan, kakansa ma babban mai jirgi ne, shi ya sa har gobe ake kiran gidansu Gidan Mai Komi. Okechukwu ya fassara wa Baba Sylvester yana kallon ƙasa.

A nan kam Hamzat ya ɗan taɓo gaskiya, domin haka ake kiran gidan. Komin ma yana nan a tsakar gida, wani tsohon gungume da aka fafe, tsawonsa ya kai mutum biyu a kwance, kuma a ciki Gwaggo Ummakulsum, ƙanwar mahaifinsa, take zuba wa awakinta dusa. Sai dai wani mai busasshen kifi ɗan Yawuri ya taɓa gaya wa Hamzat cewa a wajensu kwale-kwale ma komi ake ce masa. Tun daga ranar ya yanke hukunci shi kaɗai cewa kakansa matuƙi ne. Bai tambayi Gwaggo ba, don ya san irin amsar da take bayarwa.

Ana nan sai Allah ya haɗa jinin ɗan Baba Sylvester da Munachi, 'yar Okechukwu, aka sa biki a Kano cikin watan Agusta. Da aka tambayi dattijon ta waya me yake so a tanadar masa, sai ya ce ba ya son komai, a dai kai shi ya ga tashar jiragen Fagge da jirgin kakan abokinsa Kyaftin. Ya ce shekara uku maganar tana ransa, har ya gaya wa tsofaffin abokan aikinsa, suka ƙaryata shi.

Okechukwu ya rufe shago ya taho Kwari a ƙafa, ya sami Hamzat yana ninke atamfa. Ya roƙe shi ya kira dattijon ya ce wasa yake yi. Ya ce surukinsa ne, ba ya son ranar farko a fara da abin kunya.

"Oke, shekara uku ina gina suna, sai in rushe shi da bakina saboda tsoho ɗaya?" in ji Hamzat. "In na ce wasa ne, gobe duk layin nan Hamzat za su koma kira na. Ka bar min baƙonka wuni guda, sai ya koma Kalaba yana raina koginsu."

Maganar tafinta ta taso, tunda Turancin Hamzat bai wuce farashin yadi ba. Okechukwu ya ce wannan karon ban da shi, sai aka ɗora wa Obiageli, matarsa, wadda aka haifa a Sabon Gari, Hausar bakinta kuwa ta fi ta wasunmu. Ta saurari shirin har ƙarshe, sannan ta ce tana da tambaya ɗaya.

"Malam Hamzat, ni komin da na sani shi ne wanda muke karantawa a coci lokacin Kirsimeti, wurin da dabbobi ke cin abinci. Wanne zan fassara?"

"Maman Munachi, waccan Hausar coci ce. Tawa Hausar 'yan ruwa ce. Ki ce jirgi."

Ta ce to, ita aikinta faɗar abin da aka faɗa.

Kwana biyu Kyaftin ya yi yana shiri. Ya sayo farar hula mai baki a kasuwar Bata, irin ta masu busa a fareti, da usur na ƙarfe. Ya ari lasifikar hannu wurin wani mai maganin gargajiya. Ranar da za a fita Gwaggo ta tafi gidan suna tun da sassafe, shi kuwa ya ɗauko 'yan dako huɗu daga Kasuwar Singa suka kwashe dusar da ke cikin komi, suka ciccibe shi zuwa bakin kududdufin bayan layinsu, wanda ruwan Agusta ya cika maƙil. Ya shafa masa shuɗin fenti, ya rubuta Sarauniyar Fagge a gefe, ya rufe da tabarma. Awakin Gwaggo su bakwai suka biyo komin har bakin ƙofa suna kuka, ya kora su ciki ya saƙale ƙofar da igiya.

Ƙarfe goma adaidaita sahu uku suka tashi daga Sabon Gari. Baba Sylvester yana gaba, siririn tsoho mai furfura, da ƙaramin littafi da biro a hannu. Kyaftin ya ga littafin nan, amma ya murje ido.

A Kantin Kwari aka fara tsayawa. Kyaftin ya hau kan wani benci ya ɗaga lasifika ya danna, sai muryar mai magani ta tashi da ƙarfi, tana tallar maganin basir mai tsiro da marar tsiro, da na sanyin ƙashi. Ya danna wani wuri, ta ƙara ƙarfi. Baba Sylvester ya tambayi abin da ake cewa, Obiageli ta ce masa taken maraba ne na unguwa, ya rubuta. Da ƙyar wani mai shadda ya zo ya zare batir, ya miƙa wa Kyaftin yana tambayarsa ko ya canza sana'a ne.

Kyaftin ya ci gaba da baki. Ya ce su dubi sunan wurin, kwari, wato wuri mai zurfi. Nan ne tsakiyar tashar, nan manyan jirage suke tsayawa su sauke alharini, shi ya sa har yau tufa kaɗai ake sayarwa. Ya ce in ana son shaida a zo da damina mai ƙarfi a ga yadda ruwa yake neman komawa gidansa. 'Yan kasuwa suka fara taruwa. Wani ya ce shi ma kakansa kifi ne a layin nan. Wani ya ce a tambayi Kyaftin ina jiragen suka tafi. Kyaftin ya ce gwamnati ce ta sayar, kowa ya gyaɗa kai, domin wannan kam ba wanda zai iya rantsuwa ba a yi ba.

Wannan nasarar ta ƙara masa iska. Da aka isa Kasuwar Singa ya nuna manyan motocin da ke sauke kwalayen taliya da sukari, ya ce sunan kasuwar daga Singafo ya samo asali, saboda jiragen can ne suka fara kawo kaya. Wani tsohon ɗan dako da ke zaune a kan buhu ya ce shi dai tun yana saurayi keken ɗinki ya ji an ce, mai suna Singa, shagonsa yana nan wajen. Obiageli ta fassara duka biyun ba ta rage komai ba. Baba Sylvester ya dubi Kyaftin ta saman tabarau.

"Keken ɗinkin a ƙafa ya zo?" in ji Kyaftin. "Ai jirgi ne ya kawo shi."

Ɗan dakon ya ce shi bai ga ranar ba. Kyaftin ya ce to, a rubuta cewa shaidan bai musa ba.

Sai aka zo maganar kogi, wadda tun safe dattijon yake tambaya. Kyaftin ya ja su zuwa inda ya san ƙoramar Jakara tana wucewa tun yana yaro. Rabonsa da wajen ya daɗe, kuma ya manta an rufe ta da kankare an shimfiɗa titi a kai. Suka tsaya a tsakiyar rana, motoci suna ta yi musu oda. Baba Sylvester ya waiga dama ya waiga hagu, ya tambayi ina ruwan.

Duk da haka bakin Kyaftin bai mutu ba. Ya ce a ƙarƙashin ƙafarsu yake. Ya ce Kano kaɗai ce ta yi wa koginta rufi don kada rana ta shanye shi, su mutanen Kalaba sun bar nasu a buɗe kamar marar gata. Ya durƙusa wajen wata kafa a gefen titi ya ce a zo a saurari igiyar ruwa. Dattijon ya sunkuya ya kai fuska, ya ɗago da sauri yana tari, ya ciro hankici. Ya yi wata magana a hankali, Obiageli ta ce cewa ya yi ya shiga ruwa iri-iri a duniya, amma bai taɓa jin kogin da ake gane shi da hanci ba. Kyaftin ya ce ƙamshin tsufa ne.

Okechukwu ya ja shi gefe ya ce don Allah a tsaya haka, a je a ci abinci, a ce jirgin yana wurin gyara. Da Kyaftin ya ji wannan shawara da yau yana nan da sunansa. Amma mu 'yan Fagge in mun fara magana ba ma son a ce wani ne ya tsayar da mu, kuma zuwa lokacin mutane sun fi hamsin suna bin adaidaita sahun a ƙafa, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Ya gyara hula ya busa usur ya ce a wuce tasha.

Kududdufin yana nan kore shar, ledoji suna yawo a kai, agwagi biyu suna gefe. Kyaftin ya ce wannan reshen teku ne da ya rage. Ya yaye tabarma da ƙarfi, Sarauniyar Fagge ta bayyana, fentinta bai gama bushewa ba. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wata mata ta ce wannan ba komin Gwaggo ba ne? Kyaftin ya busa usur a kan maganarta.

Baba Sylvester ya ajiye littafi ya zagaya komin sau biyu. Ya ƙwanƙwasa itacen ya saurara. Ya tambayi ina gaba ina baya, tunda duka ɓangarorin a toshe suke kamar akwati. Kyaftin ya ce hikimar kakansa ke nan, jirginsa ba ya juyawa, matuƙi ne yake juyawa. Dattijon ya sa yatsa a wata huda da ke ƙasan komin, wadda aka cusa wa tsumma, ya tambayi amfaninta. Ta nan Gwaggo take tsiyaye ruwa in ta wanke shi, amma Kyaftin ya ce mashigar iska ce. Ya tambayi gefen da ya sha gwaguya har ya yi santsi, Kyaftin ya ce haƙoran kada ne. Dattijon ya shinshina cikin komin ya ce yana jin warin dusa, Kyaftin ya ce kakansa fataucin dusa yake yi zuwa Singafo.

Daga nan dattijon ya ce abu ɗaya ya rage, yana so ya ga jirgin a kan ruwa.

Aka tura komin har rabinsa ya shiga kududdufi, rabi yana kan tudu. Kyaftin ya tattare riga ya shiga ya tsaya a tsakiya. Abin tuƙi kuwa muciyar tuwon biki ce ya ɗauko daga madafin Gwaggo. Ya ɗaga ta sama ya sanar cewa al'adar matuƙan Fagge ce kafin a tashi a bugi gefen jirgi sau uku. Ya ce Maman Munachi ta fassara da kyau, don wannan ko a Kalaba ba su san shi ba. Sannan ya buga, ƙwam, ƙwam, ƙwam.

Abin da Kyaftin bai sani ba, saboda bai taɓa zama a gida da rana ba, shi ne shekara ashirin Gwaggo tana kiran awakinta cin dusa da wannan bugu ukun, a jikin wannan komin, da wannan muciyar. Awakin kuwa tun safe ba su sa komai a ciki ba.

Igiyar ƙofa ba ta yi wani gardama ba. Aka ji kuka daga lungu, mutane suka dare, sai ga awaki bakwai a guje, wani jan bunsuru a gaba. Ba su kula kowa ba, suka yi tsalle ɗaya bayan ɗaya suka faɗa cikin Sarauniyar Fagge. Nauyinsu ya ture komin daga tudu, ya sulale ya shiga ruwa gaba ɗaya, kuma a gaskiya, don kada a zalunci Kyaftin, ya yi tafiya kamar taku huɗu. Kyaftin ya ɗaga muciya yana cewa a gani, a ɗauka. A daidai lokacin wata akuya da ta rasa dusa ta ga tsumman da ke cikin huda, ta ja shi ta fara tauna.

Ruwa ya taso ta ƙasa kamar famfo. Awaki, da ba abin da suka ƙi kamar jiƙa, suka nemi wuri mafi tudu a cikin jirgin, wurin kuwa shi ne Kyaftin. Biyu suka ɗora ƙafa a kafaɗarsa, bunsurun ya soke shi a bayan gwiwa. Ya sa usur a baki don neman agaji, ya tafi da baya, usur ɗin ya yi wani ɗan kuka a ƙarƙashin ruwa. Ya taso yana ihu a cece shi bai iya ruwa ba, yana ta dukan kududdufi da hannu bibbiyu, har sai da Baba Sylvester ya yi magana, Obiageli ta ɗaga murya ta fassara.

"Kyaftin, baƙo ya ce ka miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwan iya gwiwarsa ne. Hular tana can tana yawo wajen agwagi, rigarsa rabi shuɗi rabi kore, ga leda a kunne. Dariyar da aka yi a wurin har masu shago a bakin titi sai da suka rufe suka zo.

Cikin wannan hali Gwaggo Ummakulsum ta iso, da ƙullin cincin ɗin gidan suna a hannu. Ba ta dubi Kyaftin ba. Ta ƙirga awakinta tukuna, ta sa 'yan dako suka jawo komin tudu, ta shafa fentin da yatsa ta duba. Sannan ta tambayi waye baƙon, me aka gaya masa. Obiageli ta zayyana mata tun daga Singafo har haƙoran kada.

"'Yata, gaya masa gaskiya," in ji Gwaggo. "Ubana bai taɓa ganin jirgi ba. Ayarin Azbinawa ne suke sauka a nan Fagge da raƙumansu, shi kuma ya ja ruwa daga rijiya da guga ya cika wannan komin, raƙumi talatin su sha, ya sake cikawa. Har ya rasu tafin hannunsa ba ya miƙewa saboda igiya. Da wannan ya ciyar da mu. Raƙuma sun sha a ciki, awaki sun ci a ciki, amma ba a taɓa zuba wawa a ciki ba sai yau."

Obiageli ta fassara, ta tsaya a kan kalmar komi ta faɗe ta yadda ta san ta tun farko, tana kallon Kyaftin.

Baba Sylvester bai yi dariya ba. Ya cire hularsa ya durƙusa ya dafa gefen nan mai santsi, inda wuyan raƙuma ya goge. Ya ce tun safe ake yawo da shi, sai yanzu ya ga abin tarihi. Ya ce a aikinsu jirgi komai girmansa ba ya barin tasha sai mai ba da ruwan sha ya sallame shi, kuma shi ake fara gaisarwa. Ya yage shafukan da ya rubuta ya zauna a kan dutse, ya roƙi Gwaggo ta fara masa daga farko.

Kyaftin yana tsaye yana ɗiga. Dariyar mutane ba ta dame shi kamar wannan ba. Kunya ta kama shi sosai, domin shekara arba'in yana wuce komin nan safe da yamma, bai taɓa sanin hannun kakansa ba ya miƙewa ba, sai da baƙo ya taso daga Kalaba aka faɗa a gabansa. Da aka zo ɗaukar hoto, dattijon ya tsaya a gefen komi, Gwaggo a ɗaya gefen, Okechukwu da Obiageli a baya, har bunsurun ya samu shiga. Aka miƙa wa Kyaftin waya aka ce ya ɗauka, ya ja baya kaɗan don kada ya ɗiga musu.

Sunan bai mutu ba, ƙari aka yi masa. Daga ranar har yau Kyaftin ɗin Awaki ake ce masa, kuma yana amsawa, don ya ce gara a kira mutum da rabin muƙaminsa. Shi da kansa yake ba da labarin a Kwari, yana cewa a tarihin Fagge kaf shi kaɗai ne jirginsa ya nutse, kuma fasinja ko ɗaya bai rasa ba.

Hoton nan kuwa ya zaga Kalaba, har baƙin Sabon Gari suka fara zuwa ganin komi jefi-jefi. Kwana uku Hamzat ya yi yana kankare fenti kafin Gwaggo ta yarda ya riƙa shigo da su, bisa sharaɗin gaskiya zalla. Yana kuwa ƙoƙari. Yakan tsaya ya nuna musu gefen mai santsi, ya ba da labarin rijiya da guga da hannun kakansa. Sai dai in ya zo kan lissafi yakan ce raƙumi dubu uku ne suke sha kafin a sake cikawa.

"Talatin," in ji Gwaggo daga cikin ɗaki.

Sai ya rage murya ya ce wa baƙin su yi mata uzuri, tsufa ne, ba ta ƙirga da waɗanda suka zo ta ruwa ba.